Takalman Ticha

Da azahar aka tsinci gawar Ticha a filin gidan bulo da raunin harbi, kafin la'asar kuwa unguwa ta riga ta samo masa makasa har uku. Masu shaguna suka ce mijin yayarsa ne, don kowa ya sha jin yana rantsuwa sai ya ɗaure shi da sarƙa. Mata suka ce mai walda ne, wanda Ticha ya taɓa sheƙa wa ruwa a inji. 'Yan sanda kuwa ba su tsaya wahalar da kai ba. Sun iso a kan babura, suka tarar da maigadin gidan bulon a durƙushe, rigarsa jina-jina, ga bindigar farauta rataye a ɗakinsa, suka sa masa ankwa suka wuce da shi.

Ticha malamin lissafi ne a da. Rabin masu miƙa wuya suna leƙen gawarsa shi ya koya musu biyu sau biyu. Shekara tara ke nan da ciwo ya taɓa masa kai. In yana shan magani sai ka rantse lafiyarsa ƙalau, in ya daina sai ya kama yawo yana gardama da mutanen da shi kaɗai ke jin muryarsu. Ko kaza bai taɓa duka ba. Amma tun da aka riga aka ce mahaukaci ne, sai jama'a suka yi ta jajanta mutuwarsa da irin muryar da ake jajanta mutuwar akuyar maƙwabci.

Da yake gunaguni ya ƙi ƙarewa, Sufeton caji ofis ya aika aka kira Mai Sawu.

* * *

Mai Sawu tsohon maharbi ne, siriri, mai tafiya kansa a sunkuye kamar ya yar da allura. Shekara ashirin da shida yana bi wa ofishin sawun ɓarayin dabbobi da masu haura katanga, har ta kai in ya ce wane ne, ko uwar wanen ba ta musu. Abin da Sufeto ke bukata ke nan.

"Baba, aiki ne mai sauƙi," in ji shi, yana juya biro a hannu. "Ka leƙa filin, gobe da hantsi ka faɗa a gaban jama'a cewa babu sawun kowa sai na maigadi. Su huta, mu ma mu huta."

Mai Sawu ya ce zai leƙa. Ya tambaya ko za a kai shi a motar ofis, don gwiwarsa ta fara gardama. Sufeto ya yi dariya ya ce kwana uku ke nan motar ba ta motsa ba, ko ɗigon mai babu a cikinta. Tsohon bai ji haushi ba. Wannan akori-kura dai ba ta taɓa tashi da makulli ba, sai an ajiye ta a gangara an tura, kuma duk ranar da ya shige ta sai ya biya kuɗin mota da kafaɗarsa, Sufeto na zaune a bayan sitiyari yana ba da umarni. Tafiyar ƙafa ta fi masa arha.

Filin gidan bulon yashi ne mai laushi, irin wanda ko ƙadangare ya wuce sai ya sa hannu. Siminti ya yanke kwana biyu, ma'aikata ba su zo ba, sai buloluwa jere a rana da tulin katakon da ake ɗora su. 'Yan kallo sun tattake inda gawar ta kwanta, amma da ya zagaya gefe-gefe sai ya ga abin da bai yi masa daɗi ba. An share filin. Ba sharar tsintsiya ba, wadda maigadi ke yi kullum da safe, buhun siminti aka ja da gaggawa, tun daga inda jinin yake har bakin ƙaramar ƙofar baya. A kan sharar akwai sawun maigadi, ya shigo a natse, ya tsaya, sannan ya ruga. Sawun Ticha kuwa ko ɗaya babu, kuma duk rashin lafiyar mutum ba ya shigowa fili ta sama.

* * *

A caji ofis, a bayan kanta, ya sami maigadin a rakuɓe, dattijo mai furfura, jinin ya bushe a rigarsa ya yi baƙi. Ya ce da safe ya kai matarsa asibiti, bai dawo ba sai azahar. Ya ga Ticha a kwance, ya ɗauka faɗuwa ya yi, ya tallabo shi. Ya ce sau da yawa Ticha na zuwa ya zauna kan bulo, su raba shayi, ya yi ta ƙirga masa buloluwa kyauta.

"Me ke hannunsa?" in ji Mai Sawu.

"Takalmansa. Ya zura hannuwansa a ciki, ɗaya nan, ɗaya nan. Ƙafarsa ba komai." Maigadin ya kama ƙarfen ƙofar. "Yaya, sun ce jibi za a kai ni kotu. In aka rufe ni, matar nan ba ta da mai ɗaga ta."

Mai Sawu ya roƙi Kofur ɗin ofishin ya nuna masa bindigar. Ya juya ta wajen haske ya leƙa bakinta, sai ga gidan zanzaro a ciki, busasshe, har da ramin da ɗan ya fita. Bindigar nan rabonta da magana tun kafin damina. Da ya nuna wa Sufeto, ko kallo bai yi ba, ya ce ai mai bindiga ɗaya ba ya rasa ta biyu. Kofur kuwa yana gefe yana goge takalminsa, yana ta goga wuri ɗaya.

* * *

Yayar Ticha tela ce. Shagonta a zauren gidan yake, keken ɗinki biyu, da labule wanda bayansa ne ɗakin ƙanenta. Ta ɗaga labulen ta nuna masa: katifa, littattafan lissafi a jere bisa tsawo, da gwangwanin magani wanda babu komai a ciki tun kwana goma sha biyu. Idonta ya kumbura, amma ba kuka ke cin ta ba, fushi ne.

Ta ce tun asuba Ticha ya fara, ya fasa madubi, ya fita yana ihu. Tsoronta kada mota ta buge shi ko yara su jefe shi. Wajen ƙarfe goma da rabi mai tankar ruwa ya tsaya ya gaya mata ya gan shi zaune a gidan bulo. Nan take ta buga waya caji ofis, ta roƙi su zo su taya ta kama shi a kai shi asibiti. Aka ce mata babu mota.

"Sau uku na kira, Baba. Da sun zo, da yanzu yana bayan labulen nan yana barci. Da sun zo kawai."

Ya tambaye ta batun takalma a hannu. Ta ce ai halinsa ne tun da ciwon ya same shi. Ba ya jure tsawa. Da zarar an daka masa, sai ya sunkuya ya cire takalmansa, ya toshe kunnuwansa da su, ya tsaya cak har a gama. Tana faɗa, sai idonta ya tafi kan mijinta da ke zaune bakin ƙofa, ta yi sauri ta ɗauke shi.

Mijin direban babbar mota ne, ƙato, mai muryar da in ya ce a miƙo masa ruwa sai maƙwabta su ɗauka faɗa ake. Mai Sawu ya tambaye shi inda ya wuni. Ya taso kamar zai yi duka, ya ce eh, ya sha yi wa yaron tsawa, ya sha cewa zai ɗaure shi, shekara tara ba kwana tara ba ce, wanda bai taɓa kwana gida ɗaya da mai wannan ciwo ba ya rufe masa baki. Sannan ya zura hannu a aljihu ya jefo wata 'yar leda kan keken ɗinki. Maganin Ticha ne, da katin layi mai hatimin asibitin masu taɓin hankali na can ƙarshen gari. Tun ƙarfe bakwai yake layi, sai ƙarfe ɗaya ya samu. A hanyar dawowa aka tare shi da labari. Ya ɗauki ledar ya mayar aljihu.

Mai Sawu ya ba shi haƙuri ya fito. Ya ji kunya, abin da ya daɗe bai ji ba a wurin aiki.

* * *

Rumfar mai walda na kallon katangar gidan bulon. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa cewa rigimar ruwan nan ta wuce tun bara, har Ticha ya dawo ya ba shi haƙuri a rubuce. Harbi kuwa bai ji ba, janareto na aiki tun safe, ko aradu aka yi ba zai ji ba.

Tsohon ya jingina da janareton kamar mai hutar da gwiwa, ya shafa saman tankin. Ƙura ta kwana biyu. A ƙasa ma babu ɓurɓushin ƙarfe sabo ko ɗaya. Ya nuna wa mai waldan tafin hannunsa.

"Baba, 'ya'yana biyar," in ji mai waldan a hankali.

Haka ma mai shago, haka mai gyaran taya. Unguwa guda ta kurmance a sa'a ɗaya, wannan ya ɗauka taya ce ta fashe, wancan yana banɗaki. Mutanen da in miji da mata suka yi raɗa a ƙuryar ɗaki sai ka ji ta a bakinsu kafin shayi ya huce. Amma Mai Sawu ba baki yake saurare ba. Ya lura duk wanda ya ce bai ga komai ba, sai idonsa ya saci kallon lungun da ke bayan gidan bulo. Sai ya bi idon, kamar yadda yake bin ƙafa.

* * *

Lungun gangara ne, yana sauka zuwa inda tankar ruwa ke tsayawa ta cika tankin ruwan gidan bulo. An ja buhu a nan ma, har taku talatin daga ƙofar baya, daga nan mai sharar ya ga ya isa. Tsohon ya ci gaba. A taku na hamsin ƙasa ta canja. Tankar ta yi ambaliya da safe, wurin ya jiƙe ya yi laka, rana kuma ta busar da shi ta adana komai.

Ga faffaɗan sawun tayar tanka. A kansa ga sawun wata ƙaramar mota mai sulɓaɓɓun tayoyi, ta tsaya hancinta na kallon gangara, ta ɗigar da baƙin mai. Sannan a bayanta ga sawun mutum biyu masu takalmin but mai dogon wuya, babu dunduniya, sai kan yatsu da ya nutse a laka, taku gajeru, ƙafa na zamewa baya. Laka ta riƙe tayoyin, gangarar ta ƙi yin aikinta, sai da aka sa ƙarfi.

Mai Sawu ya daɗe a tsugune. Bai bukaci auna komai ba, don shi ma ya sha barin irin wannan sawu a bayan wannan mota. Na dama mai jefa ƙafar hagu waje Sajen ofishin ne. Na hagu mai facin taya a tafin takalmi Kofur ne. Sun share fili, sun tsince kwanson harsashi, sun share tafiyarsu da tsayuwarsu. Turin mota kuwa ya zame musu jiki har ba su san suna yin sa ba.

Ya kwaso katakon bulo ya rufe sawun ɗaya bayan ɗaya, ya danne da duwatsu. Rana na faɗuwa, shi kuma abin da ke damunsa ba tsoron Sufeto ba ne. In ya yi shiru, maigadi zai ruɓe a kurkuku a kan bindigar da zanzaro ya yi gida a ciki. In ya yi magana, sai ya ƙwace wa matar nan abu ɗaya da ya rage mata, wato fushin cewa ba su zo ba, ya miƙa mata wanda ya fi shi nauyi. Ya tsani aikinsa a wannan yammacin, ya tsani idonsa da bai tsufa tare da gwiwarsa ba.

* * *

Da hantsi filin ya cika. Sufeto ya sa aka kawo masa kujera ƙarƙashin rumfa, Saje da Kofur a bayansa, maigadi a ƙasa da ankwa. An kira mijin yaya da mai walda don a wanke su a bainar jama'a. Yayar ta tsaya a gefe, ta harɗe hannuwa.

Mai Sawu ya fara da abin da ake so. Ya ce mijin yaya yana layin asibiti, mai walda bai tako filin ba. Sufeto ya gyaɗa kai. Sai tsohon ya ce akwai ɗan abin da yake so a taya shi dubawa, don idonsa ya tsufa, ya juya ya nufi ƙofar baya. Jama'a suka bi shi, dole Sufeto ya tashi.

Mai Sawu ya ɗage katakon ɗaya-ɗaya. Ya kira mai tanka ya tambaye shi ƙarfe nawa ya bar wurin jiya, ya ce goma da kwata. Ya nuna yadda ƙaramar taya ta hau kan babbar, ya nuna ɗigon man. Sannan ya tambayi jama'a, a duk faɗin unguwar nan, wace mota ce ake ajiyewa a gangara don ba ta tashi sai an tura. Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta.

"Ranka ya daɗe, ka ce min kwana uku ba ta motsa ba," in ji Mai Sawu. "Ga Saje, ga Kofur, su taka kusa da sawun a gani. Biyu ne suka tura. Abin da ban sani ba shi ne wanda ke riƙe da sitiyari, don shi bai sauka a laka ba."

Kofur ya dubi takalminsa, ya dubi Sufeto. Ya ce shi fa an ce masa mahaukaci ne mai fasa abubuwa, kuma shi ba a taɓa koya masa yadda ake kama irinsu ba. Saje ya daka masa tsawa ya yi shiru.

Abin da ya biyo baya shi ne Mai Sawu bai taɓa mantawa ba. Sufeto bai yi ko gezau ba. Ya gyara hularsa, ya sauya labari a tsaye, kamar mai sauya riga. Ya ce to, tun da an kai nan, gaskiya ne jami'ansa sun amsa kiran gaggawa, sun ɓoye ne don gudun tashin hankali. Sun tarar da mutum mai haɗari. Sun ba shi umarni da babbar murya har sau uku ya kwanta a ƙasa. Maimakon ya bi, sai ya sunkuya ya ɗauko wani baƙin abu a hannu biyu, ya ɗaga sama daidai kansa. Aka ce ya yar, ya ƙi ji. Jami'i kuwa yana da ikon kare ransa.

"Da babbar murya," in ji yayar. Ba ta ɗaga tata ba, amma kowa ya ji. Ta matso, ta dubi sawun, ta dubi Mai Sawu. "Ashe sun zo."

"Sun zo, 'yata."

"Ni na gaya musu inda yake."

Mijinta ne ya taho ya tsaya a bayanta, ƙaton nan mai tsawa, yana kuka ba sauti, ledar maganin har yanzu tana leƙowa daga aljihunsa.

* * *

Da yamma aka saki maigadi, ba tare da ko sannu ba, bindigarsa ma ba a mayar masa ba. Aka rubuta rahoto cewa wani mai taɓin hankali ya kai wa jami'ai hari da wani abu, aka sa hannu, aka buga hatimi. Kofur aka mayar da shi wani ofishin, inda aka ce ya fi kusa da gidansa. Mai walda da sauran kurame duk kunnensu ya buɗe, kowa na ba da labarin yadda ya ji harbi biyu, amma a wurin mai shayi, ba a gaban mai biro ba. Mai Sawu kuwa ba a sake aikowa kiransa ba.

Bayan mako guda ya bi ta gaban shagon yayar. Ta koma kan keke, amma ba ta ɗinki, ta dai ɗora ƙafa. An dawo mata da takalman a cikin ambulan mai lamba, ta ajiye su bakin labule, a jere, kamar mai su na ciki. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi gwiwarsa. Ba ta ce ya shigo ba, shi ma bai ga laifinta ba.

Hanyarsa ta gida ta gaban caji ofis take. Ya hango akori-kurar a ajiye a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba a gangarar da ta saba ba. Saje ya fito yana kaɗa makulli, ya shiga, ya murɗa sau ɗaya. Ta tashi.

An saya mata sabon batir.